Wata bakwai a gidan gyaran hali: lamarin ɗan yayata

Yayata ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. "Yaron nan" take cewa, kamar yadda mahaifiyarmu ta yi wa babban yayanmu har ta koma ga Allah. Ni ma haka zan kira shi a nan, domin yana raye, yana nema wa kansa mutunci, kuma sai da na nemi izininsa kafin na ɗauki alƙalami. Ni kawunsa ne, malamin sakandare a garin Gombe. Har yau ba mu daina jayayya da baffansa a kan abu guda ba: wata bakwan da yaron nan ya yi a gidan gyaran hali, sun gyara shi ko ba su gyara shi ba?

Mahaifinsa, Alhaji, ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi. Da kaka ba ya zama. Yau yana Kumo, gobe yana Dukku, ana auna masa masara da wake. Mutum ne mai amana, gidansa bai taɓa kwana da yunwa ba, amma hirarsa da ɗansa ba ta wuce "ka yi salla?" da "ungo, kai wa uwarka". Da yaron ya kai shekara 13 aka fitar da shi shagon ƙofar gida, yadda ake yi wa kowane saurayi. Ƙofar shagon titi take kallo. Daga ranar babu wanda ya ƙara sanin lokacin shigarsa, balle na fitarsa.

A wurin neman halak ya fara shan ƙwaya, tun kafin ya san majalisa. Lokacin hutu yakan bi mahaifinsa kasuwa ya shiga cikin masu lodi don ya sami na kashewa, a can wani ya ba shi tiramol ya ce tana kashe gajiya. Kuma tana kashewa ɗin. Tiramol maganin kashe raɗaɗi ne mai ƙarfi, dangin su mofin. Wanda likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100, wanda ke yawo a aljihun yara kuwa 200 ne ko 225. Jiki yana sabawa da ita, ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma huɗu, sannan ranar da ba a samu ba jiki ya ƙi tashi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka taɓa kayan maye a cikin shekara guda, kuma miliyan 4.6 daga ciki irin waɗannan magungunan kashe raɗaɗi suke sha ba da umarnin likita ba. Ni ina ganin wannan ƙididdiga a ajina kullum, a idon yaron da ke gyangyaɗi da ƙarfe tara na safe.

Yana shekara 16 abin ya fito fili. Ya daina zuwa makaranta. Kan keken ɗinkin uwarsa ya ɓace, aka same shi a hannun wani mai gyara. Sau ɗaya ya faɗi a zaure yana shure-shure, aka ce iska ce, aka yi tofi. Ashe yawan tiramol ne, don takan jawo irin wannan faɗuwa mai kama da farfaɗiya. Sai kuma aka fara ganinsa da 'yan Kalare, gungun samarin sara-suka na garin. Duk wanda ya zauna a Gombe ya san abin da wannan suna yake nufi ga uwa. Alhaji ya gwada duka, ya gwada hana abinci, ya sa 'yan banga sun tsare shi kwana biyu don ya ji tsoro. A ƙarshe, a wani gidan biki, aka yi faɗa aka sari wani yaro a hannu, aka ambaci sunansa cikin waɗanda suke wurin. Mai unguwa ya aiko cewa 'yan'uwan wanda aka sara suna nemansa.

A daren aka yi zama a falon Alhaji. Yayansa, wanda duk muke kira Alhaji Babba, shi ya fara magana.

"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan ya fara bushewa. In ba a kai shi inda za a karya masa taurin kai ba, ko a kawo mana gawarsa, ko ya jawo mana ta wani."

Na ce, "Alhaji Babba, a gafarce ni. A kai shi asibiti tukuna, likita ya duba shi. Abin da ke jikinsa ba ya fita da bulala."

"Malam, ku 'yan boko komai asibiti. Yaron nan hauka yake yi?"

Na tuna masa Rigasa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a can Kaduna suka fito da mutum sama da 300, yara da manya, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon duka. A watan da ya biyo baya aka fasa wani a Daura. Ya ce ya sani, amma wannan malamin daban ne, ɗan wani amininsa ya je ya dawo kamar ba shi ba. Aka juya ga yayata, tana bayan labule. Ta ce, "Duk abin da kuka yanke." Na san ba haka ne a zuciyarta ba. Amma ɗan fari ne, alkunya ba za ta bar ta ta tsaya masa a gaban yayan mijinta ba. Na daɗe ina tunanin wannan dare, domin mutum ɗaya da ya fi kowa sanin yaron shi ne wanda al'ada ta rufe wa baki.

Kada kuma a ɗauka Alhaji yana da zaɓi mai yawa ya ƙi. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Maiduguri da na Barnawa a Kaduna tafiya ce mai nisa ga mutumin Gombe, ga kuɗin gado, ga tsoron a ce ɗanka mahaukaci ne. Gidajen horon matasa na Bostal da ke Kaduna da Ilorin da Abeokuta ta hanyar kotu ake shiga. Uban da aka ce masa ana neman ɗansa da adda, mafitar daren yake nema. Abin da ke cika gidajen mari ke nan, ko bayan an rufe wasu.

Da kakar 2022 aka kai shi. Alhaji ya ce masa ya zo ya raka shi sayen wake, yaron ya shiga mota da murna, don an daɗe ba a neme shi da wani abin kirki ba. Suka tsallaka wata jiha makwabciya. Sai da suka shiga wani gida mai doguwar katanga aka rufe ƙofa, samari biyu suka riƙe shi, sannan ya gane. Alhaji ya juya ya fita bai waiwayo ba. Ya gaya mini daga baya cewa da ya waiwaya ba zai iya tafiya ba.

Sau biyu na ziyarce shi, na biyun cikin azumi. Zan faɗi abin da na gani yadda yake, don ba irin Rigasa ba ce. Ana ba su abinci sau uku, ko da babu daɗi. Ana tashinsu da asuba, a yi salla, a yi karatun allo har hantsi, a sake da yamma. Malamin mutum ne mai sanyin magana, kuma na yarda har zuciyarsa taimako yake ganin yana yi. Amma a ɗakunan nan an haɗa yaro ɗan shekara 12 da ya ƙi makaranta, da magidanci mai shekara 40 da wiwi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, da ɓarawon babur, da mai taɓin hankali na ainihi wanda magani yake buƙata. Babu likita, babu nas. Masu tsaron ɗakunan tsofaffin mazauna gidan ne da aka ce sun shiryu, da dorina a hannunsu. Sabon zuwa kuma mari ake sa masa har ya "sauko".

Yaron nan ya yi mako biyu da mari. A cikinsu ne ƙwayar ta riƙa barin jikinsa: ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa, hamma, rashin barci. Rubutu aka ba shi ya sha. Ba na raina rubutu, da shi aka raine ni. Amma wannan hali ne da likita ke da maganin sassauta shi, kuma yaron ya sha shi a ɗaure, kusa da bokitin bahaya. A ziyarar farko da na tambaye shi lafiya, ya ce, "Lafiya lau, Kawu," idonsa na kan mai dorinar da ke tsaye a bayana.

Aka dawo da shi ana saura 'yan kwanaki Babbar Salla ta 2023. Ya yi ƙiba, ya yi haske, ya haddace izu biyar. Yana durƙusawa ya gaida kowa. Aka yi walima, aka dafa shinkafa, maƙwabta suka zo suna sa albarka. Alhaji Babba ya kama hannuna a zaure ya ce, "Malam, ka gani?" Na ce na gani, alhamdu lillahi, kuma har ga Allah na yi murna. Aka mayar da shi shagonsa na da, mai ƙofa a titi. Babu makaranta, don zangon ya wuce shi. Babu sana'a. Majalisarsu tana nan inda ya bar ta, taku kaɗan daga ƙofar.

Mako goma ya yi. Ranar wata Talata aka same shi a shagon ba ya motsi, kumfa a bakinsa, numfashi da ƙyar. Likitan da ya karɓe shi ya yi mana bayanin da ya kamata a ce mun ji tun ranar walima. Wanda ya daɗe bai sha irin wannan ƙwaya ba, jikinsa ya manta da ita. In ya koma ya sha adadin da ya saba sha a da, adadin ya fi ƙarfinsa, zai iya tsayar masa da numfashi. Makonnin farko bayan fitowa daga kowane irin tsare su ne mafi hatsari. Babu wanda ya gaya mana wannan a gidan da muka biya kuɗin wata bakwai.

A kan bencin asibiti muka sake ɗauko gardamar, kuma a nan ne ta yi zurfi.

Alhaji Babba ya ce an yi gaggawar ɗauko shi. Da ya shekara biyu da ya bushe a kan shiriya. Sannan ya kawo hujjar da har yau ban iya ture ta ba. Ya ce, "Malam, ina yaron nan yake lokacin zaɓe?" Gaskiya ne. A watannin Fabrairu da Maris na 2023, lokacin da ake ɗibar samari irinsa a motoci ana raba musu ƙwaya da 'yan kuɗi, shi yana bayan katanga yana wanke allo. Cikin abokan majalisarsa akwai wanda yake gidan yari yanzu. Masu nemansa da adda kuma sun huce kafin ya dawo. Wata bakwan nan sun raba shi da wuri mai hatsari a lokaci mai hatsari, wataƙila ma su suka sa yake numfashi. Na amince da wannan gaba ɗaya.

Inda muka rabu shi ne a kan sunan abin. Shi yana kiransa gyara. Ni nisa nake kiransa. An nisanta yaron da ƙwaya, an nisanta shi da abokai, gida ya sami barci. Amma abin da ya kai shi ga ƙwayar, da abin da zai tarar in ya dawo, babu wanda ya taɓa su. Ladabin da muka gani ranar walima ladabin wanda ya koyi cewa in ka sunkuyar da kai dorina tana wuce ka ne. Shi da bakinsa ya ce mini, "Kawu, a can kowa ya san abin da zai faɗa a sake shi." Yaro bai sha ƙwaya ba a ɗakin da aka kulle da kwaɗo, wannan ba ya nuna komai game da ranar da aka buɗe. Mu kuwa da wannan muka auna nasara, muka yanka kaji.

Akwai kuma abin da ya ƙaru da shi a can, wanda ba a rubuta a allo ba. Ya shiga ya san tiramol da wiwi. Ya fito ya san yadda ake haɗa ƙwaya uku a lemo, ya san yadda ake tayar da babur ba makulli, yana da lambobin dillalai a garuruwa biyu a kansa. Hausawa sun riga sun faɗa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Abin da ya ba ni mamaki da na shiga karatu a kai shi ne masu bincike sun daɗe da tabbatar da karin maganar nan. A Amurka, a garuruwan Cambridge da Somerville, an fara wani shiri a 1939 da yara maza kimanin 500. Aka raba su biyu, rabi aka ba su masu ba da shawara da taimakon karatu, wasunsu aka riƙa tura su sansanin hutu tare, rabi aka bar su. Bayan shekara 30 wata mai bincike, Joan McCord, ta bi sawunsu, ta wallafa sakamakon a 1978. Waɗanda aka taimaka ɗin sun fi waɗanda aka bari shiga matsala, kuma abin ya fi muni ga waɗanda aka tura sansanin fiye da sau ɗaya. Niyya mai kyau ce, ba duka, ba mari. Tara yara masu matsala wuri guda kaɗai ya isa su koya wa juna.

Na gaya wa Alhaji Babba cewa ko ƙasar da ke da kuɗi da likitoci ba ta tsira daga wannan gardama ba. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto a 2007 a kan irin waɗannan gidaje na kwana, ya tarar da dubban ƙorafe-ƙorafen cin zarafi, har da yaran da suka mutu. Sai a watan Disamba na 2024 aka sa hannu a kan dokar tarayya ta bin diddigin lamarin. Sansanonin horo irin na soja da suka yi yayi a can, da aka tattara binciken da aka yi a kansu, ba a ga sun rage komawa ga laifi ba. Hanyoyin da suka fi nuna alamar amfani su ne waɗanda ake aiki da iyaye da makaranta da unguwa, yaron yana cikinsu. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Turawa ba su da Alƙur'ani." Na ce haka ne, amma mu da muke da shi, a wace sura aka ce a sa wa mara lafiya mari? Bai amsa ba, ni ma ban ƙara ba, don yayan mijin yayata ne.

Kwana 12 yaron ya yi a asibiti. Likitan ƙwaƙwalwar da aka haɗa mu da shi ya yi abin da babu wanda ya yi a baya: ya ce yana son ganin uba da uwa tare. Ya tambayi Alhaji yaushe rabon da ya zauna cin abinci da ɗansa. Ya tambayi yayata me take gani. Ta yi shiru, ya jira. Da ta buɗe baki sai da ta yi kusan rabin sa'a tana magana, Alhaji yana kallonta kamar bai taɓa jin muryarta ba. Ita ta san cewa yaron ya daina barci tun shekarar da aka fitar da shi shago. Ita ta san yana jin kunyar faɗuwa jarrabawa a gaban ƙannensa. Ta faɗi wanda yake sayar masa da ƙwayar, har da layin gidansu. Duk tana sane, ba a taɓa tambayarta da niyyar a ji ba.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta zo ne yaron nan yana cikin gidan can. Ba ta kai gare shi ba. Abin da ya kai gare shi shi ne wannan zama na mutum huɗu a ƙaramin ofis.

Shawarar da aka yanke ta ɗauki rabin maganar Alhaji Babba. An yarda yaron ba zai koma shagon nan ba, ba zai zauna a unguwar ba. Amma maimakon katanga, aka kai shi Dadin Kowa, kan hanyar Biu, wurin babban yayanmu mai noman rani a ƙasan dam. Da saninsa aka kai shi, an tambaye shi ya ce to. Yayanmu yana noman shinkafa da kayan miya, yana kuma gyaran injin ban-ruwa. A ɗaki ɗaya yaron yake kwana da 'ya'yan gidan, a kwano ɗaya suke ci. Da asuba yana karatu wurin limamin unguwar, don haddarsa kada ta zube, kuma wannan ribar gidan can ce da ba zan hana su ba. Duk wata ana kawo shi Gombe ganin likita. Yayata kuwa ta sa aka saya mata waya, take kiransa duk dare. Har yanzu ba ta ambatar sunansa, amma tana tambayarsa abin da ya ci.

Tafiyar ba ta miƙe sumul ba. Sau biyu ya zame, ɗaya da wiwi, ɗaya da tiramol ɗin kanta, lokacin girbin shinkafa da aiki ya yi yawa. Na biyun shi ya faɗa da bakinsa, ya ce wa yayanmu, "Kawu, na sha jiya." Yayanmu bai ɗaga hannu ba. Ya ce ya je ya kwanta, gobe su tafi asibiti. A wurina wannan magana ta yaron ta fi izu biyar ɗin nauyi, domin babu dorina a bayan kowa lokacin da ya faɗe ta. Yanzu yana kwance injin ban-ruwa ya mayar shi kaɗai, manoma suna kiransa da kansu. Maganar komawa makaranta tana nan, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Alhaji Babba ya ce addu'ar malamin can ce take aiki sai yanzu, tun da addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Ban musa masa addu'a ba. Na dai ce masa in wani ya zo neman kwatancen gidan, ya haɗa shi da ni kafin ya ba shi, in gaya masa tambayoyin da zai yi: akwai likita, ana raba yara da manya, uwa za ta iya ganin ɗanta su biyu ba mai tsaro, kuma me aka shirya wa ranar fitowa. Ya ce zai duba.

Abu ɗaya ne bai warke ba. Tun ranar sayen waken nan yaron bai ƙara shiga motar mahaifinsa ba. Suna gaisawa, suna cin abinci tare in Alhaji ya je Dadin Kowa ranar Juma'a, amma mota a'a. Da Sallar da ta wuce Alhaji ya je ɗauko shi da kansa. Yaron ya ce, "Baba, ka yi gaba, zan biyo ta haya." Alhaji bai ce komai ba. Ya kai shi tasha a ƙafa, ya biya masa kuɗin mota, ya koma ya zauna a tasa har ta hayar ta cika ta tashi, sannan ya bi bayanta har Gombe.